Likita Saura Ƙiris da Gwiwar Hamma

Allah ya yi wa Jega baiwa biyu: babbar kasuwa, da Malam Jibrin. Kasuwar ana iya samun irinta wani wuri. Malam Jibrin kuwa shi kaɗai ne, kuma shi ya fara sanar da mu haka.

Lokacin da Turawa suka buɗe ɗakin shan magani a garin, shi aka turo daga Sakkwato, inda ya yi damina guda yana wanke wa likita Bature kwalabe. Da yake ilimi na bin hannu, a nan ya kwashe shi tas. Ya iso da wandon kaki, da tabarau wanda sai ya cire shi yake gani. Mahauta suka sa masa suna Likita Saura Ƙiris. Ya ji daɗin sunan, illa dai yana ganin ƙiris ɗin ya yi yawa.

Magabata sun sha wahalar banza wajen rarrabe shawara da basir da sanyin ƙashi. Malam Jibrin ya hutar da duniya.

"Cuta ukku ta," in ji shi. "Ta bisa, ta tsaka, ta ƙasa. Kuma majinyaci ba shi magana. In ya san abin da ad damuwa tai, mi ya kawo shi wurina?"

Kowace cuta da kwalbarta: ja, shuɗiya, fara. Duka daga randa ɗaya ake cika su da maganin wankin ciki, amma wannan ba ya rage wa ilimi daraja. Doka kuma ita ce a sha a gabansa, ba a zuwa da shi gida. Mai ciwon kunne daga Gehuru ya sha ja, ya koma da kunnensa da kuma gudawa. Mai targaɗe ya sha fara, ya roƙi a ɗora shi a jaki zuwa wurin masu ɗori na Aliero.

Ana nan sai saƙo ya zo: likita Bature zai biyo rangadi, yana son ganin mutum ɗaya da aka warkar. In babu, a rufe ɗakin, Malam Jibrin ya tuɓe kaki. Wai in ba ƙira, me ya ci gawayi?

A wannan tsakanin Allah ya jefo Hamma, wani ƙosasshen Bafulatani daga Sarandosa. Surukarsa, Inna Kubura, ce gwiwarta ta kumbura, shi aka aiko karɓo magani. To, wane ɗan mutunci zai tsaya gaban jama'a yana kwatanta ƙafar surukarsa? Sai ya sunkuyar da kai, ya dafa tasa gwiwar, ya ce, "Ranka shi daɗe, nan wurin na, amma..."

"Ya isa!" in ji Malam Jibrin. "Cutar ƙasa. Kumburin har ya haura wuya. Buɗe baki."

Hamma bai iya musa wa babba cikin mutane ba, kuma Bafulatani ba ya yamutsa fuska don ɗaci. Ya shanye. Ranar kasuwa ta zagayo ya dawo, da fatan yau za a ba shi na tafiya gida. Aka sake ɗura masa. Haka ya yi ta zuwa, yana ramewa, har zoben hannunsa ya soma zamewa. Ni dai tausayinsa na ji, wallahi.

Ran da Bature ya sauka, Malam Jibrin ya goge tabarau, ya tsayar da Hamma tsakiyar fili.

"Wanga da kuka gani, ya zaka kumbure awa salka. Da duban ido ɗai na gane cuta tai. Ku duba yanzu, ko'ina ya sace!"

Bature ya lanƙwasa gwiwar Hamma, ya miƙe ta, ya ƙwanƙwasa. Ya sa tafinta ya tambaye shi yaushe ciwon ya bari.

Wannan ne karo na farko da wani ya yi wa Hamma tambaya a ɗakin, ya kuma jira amsa.

"Ni ƙahwata lahiya lau take tun da anka haihe ni," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ta wata babba ta, can gida. Har yau ba ta samu ko cibi guda na magani ta sha ba."

Tafinta ya kasa fassarawa sai da ya gama dariya. Kafin la'asar an tura jaki Sarandosa a ɗauko Inna Kubura, an kuma karɓi makullin ɗakin daga hannun Malam Jibrin.

Har yanzu maƙiyansa na cewa bai taɓa warkar da kowa ba. Wannan ƙazafi ne. Tun ranar da ya daina ba Hamma magani, Hamma ya fara samun sauƙi.