Wakilin Ɗibar Jini

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Ku yaran yanzu, a aike ku abu kaza, ku je ku yi wani daban, ku dawo kuna cewa dabara ce. To ku saurara.

Wani ne a wajen Watari, yayansa Sha'aban yana fama da ciwon daji a ciki. Likita a birni ya ce Sha'aban ya dawo ran Talata a ɗebi jininsa. Akwai wasu alamu a ƙwayoyin halitta da ake dubawa a gane ko ciwon ya yaɗu, da su za a san maganin da za a yi masa.

Ran Talata Sha'aban ya kasa tashi. Ya ba ƙanin nasa katin asibiti ya ce, "Je ka ce a ɗaga mini ranar."

A mota mutumin ya yi tunani. "Ni na karɓar masa aure. Ni nake zuwar masa gayya. Uwa ɗaya uba ɗaya, jini ne zai gagare ni?"

A asibiti aka kira, "Sha'aban!" Ya ce, "Na'am!" Ya miƙa hannu.

Bayan mako biyu ya koma karɓar sakamako. Likita ya dubi takarda, babu alama ko ɗaya. Ya dubi mutum, ga kumatu ga tumbi.

"Malam Sha'aban, me kake ci haka?"

"Tuwon dawa, likita. Malmala huɗu."

"Ikon Allah! Sai na gani da idona. A kawo tiyon nan mai kyamara ya haɗiya."

Da mutumin ya ga tiyo, tsawonsa kamar na ban ruwan albasa, sai ya ja baya.

"Likita, tsaya! Ni wakili ne."

"Wakilin wa?"

"Na Yaya. Ai jininmu ɗaya ne."

"Madalla. Tunda ɗaya ne, ciwon nan wani lokaci yana bin dangi. Gobe ka zo ba ci ba sha, ka taho da yayan naka."

Washegari aka ɗebi jinin Sha'aban na gaske, shi kuma ya haɗiyi tiyo. Cikinsa ƙalau, amma kwana uku koko kaɗai ke wuce maƙogwaronsa.

Yana zaune yana nishi, Sha'aban ya miƙo masa kati daga kan tabarma.

"Sannu, wakili. Ran Alhamis kuma tiyata ce. Ka tafi da wuri."