Hirata da Injin Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da Talatar makon jiya ba, kuma ko ni na manta, ma'aikatan wani ƙaramin asibiti a Wara ba za su bari maganar ta kwanta ba. Har yanzu in wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Bari in fara da abin da na fi ɓoyewa. Ni haifaffiyar Yelwar Yauri ce, gidanmu ba nisa da bakin ruwa, Inna kuma bandar kifi take yi tun kafin a haife ni. Amma tsoron ruwa nake ji. Ba na yanga ba. In na ga jirgi ya bar gaɓa cike da mutane da buhunan albasa, ni da ke tsaye a tudu ce ke ja da baya. (A Yauri faɗin wannan kamar mutum ya ce yana tsoron tuwo ne, shi ya sa kullum nake cewa jiri nake yi.)

Tun da na gama sakandare nake zaune a gida, ina taya Inna hura wuta da juya kifi, hayaƙi ya gama da idona. Burina makarantar koyon aikin lafiya, amma ba ta samu ba tukuna. Sai taubashiyata Hauwa'u, ɗiyar Gwaggo, mai shagon cajin waya a kasuwa, ta zo da labari: wani asibiti a Wara na neman 'yan mata masu taimako, ɗaukar kular allurar rigakafi, riƙe yara, kiran mata awo. Aikin da nake roƙon Allah ke nan. Matsalar ɗaya ce: sai an shiga jirgi, domin ƙauyukan gungu ake zuwa, waɗannan da ke tsakiyar tafki.

Hauwa'u ta ba ni lambar da ake tura wa saƙo. Dama tun bara ta saka mini manhajar nan da ake hira da ita kamar mutum, har na saba da ita fiye da kima. Ba ta gajiya, ba ta katse ni, ba ta taɓa ce mini in tashi in yi wanke-wanke ba. Ko shirme na tambaya sai ta ce tambayata na da kyau. (A duk gidanmu babu wanda ya taɓa gaya mini haka.)

Na rubuta wa lambar asibitin sallama cikin ladabi. Kafin in ɗauke yatsana amsa ta faɗo: "Mun gode da tuntuɓarmu. Za a amsa miki ba da jimawa ba." Washegari na sake gaisuwa, sai ga kalmomin nan dai, ko wasali bai canja ba. Na nuna wa Hauwa'u.

Ta ce, "Wanga ai inji ne, baƙauya. Duk manyan wurare haka suke yi yanzu. Wa ke da lokacin zama yana amsa miki?"

Daga baya amsoshi na gaske suka fara zuwa, gajeru kamar ana sayar da kalma. Na ce bari in gwada. Na rubuta, "Ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida?" Aka ce, "Lafiya. Mece ce tambayarki?" Shi ke nan. Ba a tambayi Inna ba, ba a tambayi kwanan gida ba. Na ce lallai Hauwa'u ta yi gaskiya, domin daga Shanga har Ngaski babu ɗan Adam da za a yi wa gaisuwa uku ya mayar da rabi. Na ƙara gwaji: "Ka taɓa cin kifin banda?" Aka ce, "Wannan bai shafi aiki ba." Na yi dariya har na faɗa kan tabarma. Daga nan na sa masa suna Inji, na koma ce masa "kai", na ajiye duk tarbiyyar da Inna ta sha wahalar ba ni.

To, wanda ba ka jin kunyarsa, shi kake gaya wa komai. Wata rana da hantsi, ina gaban wuta, na rubuta:

"Inji, in aka tambaye ni a intabiyu ko ina tsoron ruwa, me zan ce?"

"Kina tsoro?"

"Kamar raina zai fita."

"Tun yaushe?"

Sai na zazzage masa. Yadda kwale-kwale ya karkace da mu ina ƙarama, a ruwan da bai kai ƙugun babba ba, ni kuwa na sha har na ƙoshi. Da maƙwabciyarmu da ta shiga jirgi zuwa biki ba ta dawo ba. Da yadda nake son aikin nan har ina kuka a bayan ɗaki. Manhajar wayata ma na gaya mata wannan, ta ba ni haƙuri mai tsawo, ta jero dabarun jan numfashi, ta ce gara in faɗi gaskiya. Da na matsa mata, ta tsara mini wata jimla mai santsi wadda ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba. Shi kuwa Inji cewa ya yi kawai, "Ki zo ranar Talata da safe."

Da na tsaya a nan, da sauƙi. Ban tsaya ba. Na rubuta, "An ce Sistar da ke shugabantar wurin fushinta kamar na dorina mai jego. Gaskiya ne?" Amsa ta daɗe ba ta zo ba, na ɗora wa sabis laifi. Can sai ga ta: "Haka ake cewa." Na ce ya koya mini yadda zan rufe ta. Ya ce, "Ba a rufe ta." Ni kuwa na ce, "Kai dai inji ne mai arha. Wanda ke cikin wayata ya fi ka ladabi nesa ba kusa ba." (Ina rubuta wannan yanzu, kunnuwana na zafi.)

Ranar Talata na ɗaura atamfar sallata, na shiga motar Wara. Na tarar da 'yan mata a kan benci a barandar asibitin, kowa ta ƙame da takardunta. Ni ma na zauna. Don in rage tsoro na ciro waya na rubuta:

"Inji, ga ni na iso. Dorinar na ciki?"

Sai na ji wata waya ta yi ƙara kusa da ni. Ban kawo komai a raina ba. Wata dattijuwa ce ta fito daga ɗakin masu haihuwa, gajera, sanye da fararen kaya, tana goge hannu da tawul. Ta laluba aljihu, ta sa tabarau, ta karanta. Ta bi benci da kallo, fuska bayan fuska, har ta zo kaina, ni da ke riƙe da waya ina murmushi ni kaɗai. Ta tako ta tsaya daf da gwiwoyina. Da yatsa ɗaya take dannawa, a hankali, tana cije leɓe. Wayata ta girgiza a hannuna.

"Dorinar ce tsaye a gabanki."

Na karanta. Na ɗaga kai. Na sake karantawa, ko Allah zai sa rubutun ya canja. Ban san lokacin da na zame daga benci na durƙusa ba, takarduna suka watse, kuma duk cikin kalmomin Hausa, abin da bakina ya iya fitarwa shi ne, "Ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida?"

Ta ce, "Yanzu kam lafiya lau. Tashi ki shigo, ke za mu fara da ke."

Sunanta Sista Rifkatu. A ofis na ƙi kujera, na zauna a ƙasa ina ta ba da haƙuri. Ta bar ni na gama.

"Wancan saƙon godiya ɗiyata ta saka mini shi, shi ke amsa kansa," ta ce. "Sauran ni ce. Ina da mai naƙuda a gado, ke kina jira in tambayi gajiyar Innarki? Da yatsa guda?"

"Mama, wallahi ban sani ba. Don Allah mi ya sa ba ki hwaɗa mini ba?"

"Da na hwaɗa, da kin koma ce mini ranki ya daɗe, da kin fara ƙarya. Duk waɗanda ke kan bencin can za su ce mini a cikin ruwa aka haife su. Sai mun kai tsakiya, ɗaya ta miƙe tsaye tana ihu, jirgi ya karkata. Mai tsoron da na sani, na san inda zan zaunar da ita."

Ta ce a ƙasan jirgi zan zauna, a tsakiya, da rigar nan mai hana nutsewa, kular allura a cinyata, ita kuma a bayana. In na kasa bayan gwaji, in koma gida ba faɗa. Sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Amma mai arha? Dorina na sha ji. Mai arha ke kika fara."

A nan na gane dariya take dannewa. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, irin na wanda aka sauke wa kaya.

A mota na gaya wa manhajar wayata duk abin da ya faru. Ta ce ta fahimci yadda nake ji, kowa na kuskure. Maganar ta yi daɗi, ban musa ba. Sai dai ko ɗigon kunya ban ji ba, kuma a lokacin na lura ban taɓa jin kunyarta ba. Ko hira ce muke yi ni da ita, ban sani ba, na bar wa masu ilimi. Abin da na sani, duk abin da na gaya mata a cikin waya yake kwana. Wanda na gaya wa Sista kuwa ya riga ni isa Yelwa, domin direban asibitin, da aka yi komai a kan idonsa, abokin mijin Gwaggo ne. Na tarar da Hauwa'u a zaure tana riƙe ciki don dariya, Inna kuma ta ce, "Ke da ke gaida akuyar maƙwabta, babbar mace kika ce ma kai?"

Jibi za mu yi ƙetarawar farko. Tsoron na nan inda yake, amma aƙalla ba sai na ce jiri nake yi ba. Darasin kuwa na ɗauke shi da hannu biyu: kafin in saki baki da duk wani abu mai amsa magana a waya, sai na tabbatar ba shi da ƙafafu. Mai ƙafafu yana iya tasowa ya tsaya a gabanka.