Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Shekara ta bakwai da Sarki Zaki Gwabro ya kunna Babbar Maƙera, kifi ya ƙaurace wa gaɓar masarautar Dajin Bakin Teku. Maƙerar tana cin gawayin ƙasa da baƙin mai, tana haska fada, hayaƙinta kuwa ya tokare sama. Jakuna ne ke ɗauko mata gawayin. A bakin ruwa ƙauyensu yake, bayan wata katangar murjani da ke tare masu igiyar teku tun zamanin kakanni. Yanzu katangar ta yi fari fat, tana marmashewa.

Ana nan sai wata tsohuwar ƙaguwa, Iya Tabawa, ta fito daga teku. Kwana uku tana tafiya kafin ta isa fada. Ta tarar da majalisa cike, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Sarki, mutanen ruwa suka aiko ni," in ji ta. "Hayaƙin nan da kuke gani yana tashi, ba ɓacewa yake yi ba, teku ke shanye shi. Ruwanmu ya yi tsami. 'Ya'yan katantanwa ba sa iya yin ɓawo, jikokina ana haifarsu da baya kamar ganye. Murjani ya mutu, kifi ya rasa makwanci. Ruwa ba ya tsami banza, ranka ya daɗe."

Waziri Kura Dangoje, wanda shi ne mai kula da Maƙera, ya miƙe ya gyara murya.

"Iya, mun ji kokenki, kuma ya taɓa mu matuƙa. Wannan gwamnati ba za ta yi ƙasa a gwiwa ba. Sai dai a yi adalci. Ina ruwan hayaƙi da teku, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa? Sannan wa ya ce tsami aibi ne? Kunu ma sai da tsamiya. Kuma majalisa ta lura, mai ƙarar nan a karkace ta shigo. Wanda tafiyarsa ba ta miƙe ba, ina zancensa zai miƙe?"

Fadawa suka yi dariya. Sarki ya ce yana son ya ga hujja da idonsa. Ya ɗora yatsa ɗaya a bayan Iya Tabawa, a hankali ma, sai ɓawon ya lotsa. Ba ta ƙara motsi ba. Waziri ya sunkuya ya lashi wurin.

"Ranka ya daɗe, da can sai da guduma ake cin ƙaguwa. Wannan ai ci gaba ne."

Nan take aka kafa kwamitin binciken tsamin teku, Waziri ne shugaba. Aka tambayi Sarkin Jakuna, Tsoho Barmo, ko yana da magana.

"Ranka ya daɗe, in katangar ta faɗi, ruwa gidajenmu zai fara ci."

"Haƙuri, Barmo," in ji Waziri. "Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Teku ta riga mu dafa shi," Barmo ya faɗa ƙasa-ƙasa, ya koma bakin aiki.

Kwamiti ya yi zama goma sha biyu, duk zama da farfesun ƙaguwa. Rahotonsa ya ce ruwan lafiya lau yake, harshen kifaye ne ya lalace.

Da damina ta tsaya, guguwa ta taso da hantsi. Katangar ta rushe. Igiya ta shiga ƙauyen jakuna ta kwashe rumfuna da rumbuna, ta tafi da matar Barmo da wasu talatin. Kashegari ruwa ya iso ƙofar fada.

Majalisa ta zauna a gaggauce, ta yi shiru na minti ɗaya, sannan ta yanke hukunci: a mayar da fada kan tudu, Maƙera ma haka, kada wutarta ta mutu.

Aka tara sauran jakuna, aka ɗaura masu ƙarafa da buhunan gawayi. Waziri ya ɗaga bulala ya ce a tafi. Barmo ya dubi tudu, ya waiwaya ya dubi inda ƙauyensu yake jiya, ya kafe ƙafafunsa huɗu a laka. Na bayansa ya tsaya. Na bayan wancan ma ya tsaya. Bulala ta sauka har hannun Waziri ya gaji.

Ruwa ya kai wa Sarki idon sawu. Ya dubi fadawansa ya ce, "Wai me suke jira?"