Yadda Za Ka Kalli Rumbu Kamar Ba Ka Taɓa Gani Ba

Kai da ka jefar da hauya ka ɗauki alƙalami, matso kusa. Bana, don bikin cikar jamhuriya shekara ɗaya, manyan Zinder sun kafa Ƙauyen Kakanni a wani fili: bukkoki uku, rumbu, turmi da tulin gero, wai yara su ga yadda mutanen da suka sari daji suka kafa gida. Malaman lakwal, wato makarantar boko, sun ce kowane uba ya kai iyalinsa. Matsalar ita ce naka ƙauyen kakannin yana nan daram, ko jiya an tuƙa tuwo a cikinsa.

Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari za ka shiga ɗan birni ka fito ɗan birni. Na koye su daga Mushe Illa ("Malam" ke nan da Faransanci), komi, wato akawu, a wani biron gwamnati, wanda ya shekara tara yana gaya wa surukinsa, Alhaji Mutari mai sayen gyaɗa, cewa shi maraya ne jikan fatake. Biyar ya bi daidai.

Mataki na 1: Ɓoye hannuwanka

Ɗaura karabat a wuya har sai haɗiyar yawu ta zama aiki. Sa takalmi mai matsi, don ɗan birni ba ya tafiya da sauri. Sannan ka zuba hannuwa cikin aljihu, kada su fito. Kantar hauya ba ta jin sabulu.

Mataki na 2: Sa surukinka a gaba

Alhaji Mutari bai taɓa taka gona ba, saboda haka shi ya fi kowa bayani. Tun daga bakin fili ya toshe hanci ya ce, "Illa, ka ji warin taki? Wallahi da mai irin wannan wari ne ya zo neman 'yata Sakina, da kare zan sa masa."

Abin da Illa ya yi shi za ka yi: dariya, da gyaɗa kai, da "Gaskiya ne, Baba."

Mataki na 3: Yi tambayar wauta

Tsaya gaban rumbu, karkata kai, ka tambaya da ƙarfi, "To su mutanen nan, ta ina suke shiga ɗakin nan su kwanta?"

Za a yi dariya, a gyara maka, a ƙara ganin girmanka. Ka riƙe wannan: a birni rashin sanin noma ilimi ne, har takarda ake bayarwa a kansa.

Mataki na 4: Kada ka ga kuskure

Ka tuna 'yan biro ne suka zana ƙauyen nan. Rumbun da Illa ya tarar, a kan tsurar ƙasa aka dasa shi, ba dutse ko ɗaya a ƙarƙashi. Haba! Ai kafin damina gara ta gama da shi. Maganar ta zo masa har maƙogwaro, karabat ya tare ta. Ka ga amfanin mataki na ɗaya ke nan.

Mataki na 5: Guji kakannin

An ɗebo tsofaffi a mota daga ƙauyuka, an zaunar da su bakin bukkoki su zama kakanni, an hana su sa takalmi. Su ne haɗarinka. In ɗaya ya zuba maka ido, ka ce "Banjur" ka wuce. Wani tsoho daga Gouna, Malam Sule, ya bi Illa da kallo har ya sha kwana.

Mataki na 6: Kada ka je wurin gasar dami

Nan ne mutuminmu ya kife, don haka buɗe kunne.

An ba kowane yaro tarin zangarniyar gero da igiyar kaba, a ga wanda zai ɗaure dami. Wasila, 'yar Illa mai shekara takwas, ta ɗaura ya watse, ta sake ya watse. Kakanta Alhaji ya naɗe hannun riga ya taimaka, damin ya fashe masa a ƙafa. Fili ya ɗauki dariya. Yarinya ta ɗago kai, ido cike da hawaye, ta ce, "Baba, kai ma ba ka iya ba, ko?"

Illa ya rantse mini bai ba hannuwansa izini ba. Shi dai ya gan su a waje. Suka jera kawunan geron, gwiwa ta danne, kaba ta zagaya sau biyu, ya murɗa ta hagu ya cusa bakin a ƙasa. Kafin ka ƙifta ido dami ya miƙe tsaye, tsaf, ko daga kan raƙumi ka jefo shi ba zai motsa ba.

Wasila ta yi tsalle. Sauran jama'a suka zuba wa Illa ido.

Malam Sule ya dogaro sanda ya zo, ya shafa ƙullin da yatsa. "Murɗin hagu," in ji shi. "Duk ƙasar Damagaram gidan marigayi Tanimu na Gaffati kaɗai ke wannan ɗauri. Yaro, ba kai ne Illa da aka kai lakwal ba? Ikon Allah! Yaushe ka dawo? Tsohuwarka Tani tana gaya wa kowa kana Dakar, nisa ne ya hana ka zuwa."

Daga filin nan zuwa Gaffati, mai jaki yana zuwa ya dawo rana ba ta faɗi ba. Illa ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, kuma ba ta surukinsa ba ce.

Matarsa Sakina ta gyara mayafi ta ce, "Baban Wasila, shekara tara ina fama da wannan ƙulli a bakin kowane buhu na gidanmu. Na san ba a biro ake koyar da shi ba."

Shi kuwa Alhaji ya mayar da hannu hanci yana ƙare masa kallo, har Illa ya fara tunanin inda zai kwana. Sai ya sauke hannu daga hanci ya ce, "Ita gonar taku, ana gyaɗa a cikinta?"

Ba ruwana

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin hannun da ya fito daga aljihu ba, ko 'yar da ta kwana uku tana tambaya, "Baba, ashe ina da wata kakar?" Kada kuma a zo mini da ƙara in ran Lahadi an gan ka a hanyar Gaffati, takalmi a hannu, yarinya tana gaba.

Haka aka ga Illa. Tsohuwar ta fito daga bayan rumbu, ta dube shi tun daga karabat har ƙafa, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Sannan ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Wace mota ka hawo daga Dakar?"

Wannan kam ba ni da matakinsa.