Rasuwar Tarkace, Mazauniyar Kwandon Shara

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, ni Talha Mai Hoto, mai shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a bayan tashar mota ta Azare, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wata folda ta cikin kwamfutata, wadda na raɗa wa suna Tarkace. Ta rasu ranar Laraba, a daminar nan ta 2007. Ita ba ta yi jinya ba. Uwar ɗakinta ce, wato kwamfutar, ta kwanta ciwo, aka zo yi mata magani, maganin ya tafi da mai lafiya.

Marigayiya ba ta da girman jiki. Abu ɗaya tak ta riƙe duk rayuwarta, hoton mahaifiyata, Ya Fanna. Kuma shi kaɗai ne hotonta a duniya.

Wanda ya san Ya Fanna ya san abin da nake nufi. Na ɗauki amare daga Chinade har Gololo, na ɗauki kansiloli da manyan riguna, har bijimi na taɓa ɗauka a kasuwar shanu don mai shi na son tunawa da shi. Amma tsohuwar da ta haife ni, da ta hango kyamara a wuyana sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Mai son ganina ya zo gida," haka take cewa, "ina nan, ban ƙaura ba." Shekarunta sun haura tamanin, har yau ba ta canza magana ba.

An haifi marigayiya ranar sunan 'yata Hanan, shekara biyu da suka wuce. Jaririyar ta yi atishawa a cinyar kakarta, Ya Fanna ta tuntsire da dariya har wushiryarta ta bayyana. Ni kuwa ina bakin ƙofa da sabuwar kyamara marar fim. Hannuna ne ya danna da kansa, ba ni ba. Ta ji ƙarar, dariyar ta ɗauke.

"Ɗan nan, kada ka wanke shi a takarda, kada ka sa shi a faifai. Ka zuba shi a shara, ka ji ko?"

Na ce na ji. Kuma wallahi ban saɓa ba. Ban wanke ba, ban sa a faifai ba. Kwamfuta tana da nata kwandon shara, duk abin da ka goge can yake zuwa ya zauna, ba ya ɓacewa sai ranar da aka zazzage kwandon. Nan na kai Tarkace. Duk Juma'a in na sauko daga masallaci sai in fito da ita, in kalli dariyar uwata har in ƙoshi, in sake mayar da ita shara kamar yadda aka umarce ni. Duk malamin da ke ganin akwai saɓo a cikin wannan, shagona a buɗe yake, ya zo mu zauna.

Mun shaidi marigayiya da haƙuri. Ta yi maƙwabtaka da hotunan fasfo da masu su suka rufe ido, da wani ango da ya fito ba kai, ba ta taɓa ƙorafi ba. Mun shaide ta da rufin asiri. Ta tsallake ɗaukewar wuta ba adadi, ta tsallake cutar da wani ɗalibi ya kwaso mana a filashinsa, wadda ta kashe manyan foldoji masu ji da kansu.

Ga yadda ajali ya zo. Kwamfutar ta cika. Ni ba na goge biki, domin amarya takan dawo bayan shekara ta ce faifanta ya karce. Biki kan biki, suna kan suna, har baiwar Allah ta fara nishi. In ka kunna ta sai ta yi "girrr, tik, tik", ta tsaya tana tunani kamar tsohon da aka tambaya shekarar haihuwarsa. Ga bidiyon wani biki na Gololo a cikin kyamara ba wurin sauke shi, dangin amarya suna ta zarya a kan babur.

Ana haka sai ga Kashim, ɗan kawuna kuma abokin wasana, akawu ne, ya yi kwas ɗin kwamfuta na 'yan watanni a Bauchi, tun daga nan bakinsa ya manta yadda ake cewa "ban sani ba". Ya ja kujera ya ce a goge manyan foldoji. Muka goge bikin Bulkachuwa, muka goge saukar karatu, muka goge wani taron siyasa da babu wanda ya zo karɓa. Muka duba da'irar da ke nuna cikin kwamfutar, shuɗi ya cinye ta kaf, filin da ya rage siriri kamar yankan kankanar marowaci. Muka ƙara gogewa, ko gezau. Man janareta ya yi ƙasa, na ɗauki jarka na fita, na tarar da layi a gidan mai.

Ban ji numfashinta na ƙarshe ba. Kashim ne ya ba ni labari, ya ce "ƙaras" ta yi, irin ƙarar takarda in an dunƙule ta. Na dawo na same shi yana washe baki.

"Taubashi, gode wa Allah da Ya ba ka ni! Ashe duk a kwando suka taru, shi ya sa fili ya ƙi fitowa. Na zazzage maka shi tas, har na sauke maka bikin Gololo."

Jarkar ta kuɓuce daga hannuna. Da na gaya masa abin da ke cikin kwandon, sai ya riƙe baki. Can ya ce, "Haba Talha! Wane mai hankali ne zai ajiye uwarsa a kwandon shara?" Har yau ban ga dalilin wannan tambaya ba.

Na ɗauki kwamfutar har Kano wurin wani gwanin gyara. Ya ce da an kawo ta kafin a zuba sabon abu, da ya tono gawar. Yanzu kam amaryar Gololo ce ke rawa a kan kabarin.

Marigayiya ta bar 'yan uwa, Sabuwar Folda da Sabuwar Folda ta Biyu, waɗanda ban san abin da ke cikinsu ba. Ta bar fili fetal, kwamfuta na gudu kamar an saye ta jiya, ni kuwa ko kallonta ba na son yi. Ta bar Hanan, wadda wata rana za ta tambaye ni yadda kakarta take dariya. A nan ne abin yake ci na. Ƙafar Ya Fanna ta yi nauyi bana, kuma tsoro nake ji.

Kashim, da yake bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya kai mata labari. Ta aiko aka kira ni, na durƙusa.

"Shekara biyu ina cikin shara?"

"Ke kika ce, Ya Fanna."

Ta harare ni. Can ta ce, "A hoton, ɗankwalina a daidai yake?"

Na ce ya ɗan zame baya.

"Ka gani ko. Gara da ya tafi."

Na so in yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa, ni da gemuna. Ta dube ni, ta ce in tashi in tafi, shago ba ya tsaron kansa.

Babu wanka babu rakiya, tunda ba a samu gawa ba. Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a shagona, daidai lokacin da na saba ziyartar marigayiya. Mai ɗakina Halimatu za ta kawo kunun gyaɗa da ƙosai. Na yafe wa Kashim duniya da lahira, amma a bencin waje zai zauna, kuma duk wanda ya ga hannunsa ya nufi kwamfuta ya buge shi.

Ana roƙon masu zuwa su bar kujerar ɗaukar hoto da ke gaban labule mai furanni, kada kowa ya zauna a kai, kada kuma kowa ya ambaci kyamara. Ya Fanna, wadda ba ta taɓa taka shagon nan ba, ta aiko cewa za ta zo. Ta ce gaisuwa kawai za ta yi ta koma. Ta sa Halimatu ta goge mata zanen Sallah, ta aika a sayo kwalli, ta ce a zo da Hanan. Ta kuma ce a gaya mini, in hannun nan nawa zai sake dannawa da kansa, ya jira ta gyara ɗankwali.