Karen Duktur Ba Ya Tsutsa

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa da ya ba ta Duktur Elfadil. Duk Gadarif babu mai rawani irin nasa, sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar masallaci. Ilimin likitanci kuwa ya sha ya ƙoshi, don wata uku cur ya yi yana share shagon maganin dabbobi a kasuwa kafin Allah ya buɗa masa a cinikin riɗi. Tun daga nan ake ce masa Duktur Wata Uku. Shi dai kalmar farko kawai yake ji.

Bara ya sayi kare a hannun wasu mutanen Khartum da yaƙi ya koro, ya sa masa suna Basha. Mu mun san kare da gadin gona, a jefa masa ƙanzon asida, wato tuwonmu, ya kaɗa wutsiya. Basha ya fi ƙarfin haka. Marara yake ci, ɗanyar hanta da huhu, irin na manya ranar Layya, sai dai ban da yaji da albasa. Nu'uman mahauci, Allah ya shirye shi, shi yake ware masa huhun nan mai ƙuraje cike da ruwa wanda kowa ya ƙi, ya ce na musamman ne. Duktur ya karɓa har da godiya.

Ba a daɗe ba cikin Basha ya kumbura, haƙarƙari suka fito, gashi ya dushe. Duktur ya ce haka karnukan asali suke. Matarsa Hajar ta ce ta ga wasu abubuwa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a ƙarƙashin wutsiyarsa.

"Hajar, wa ya yi karatun nan, ni ko ke? Tsutsa ciwon karen talaka ce. Wannan har takarda gare shi."

Ita tsutsar dai ba a nuna mata takardar ba.

Ana nan dattawa suka ce za a kafa kwamitin lafiyar unguwa. Duktur ya sa rai da shugabanci har ya rame. Don ya nuna isa, sai ya gayyato Zubaida, likitar dabbobi ta gaske, ta zo ta duba karnukan leburorin da suka dawo daga yankan dawa a Gadambaliya. Aka kafa rumfa a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa sabuwar darduma, jabana, butar gahawa, tana zagayawa. Aka ɗaure Basha kusa da kujerar maigidan don kowa ya ga misali.

"Ya jama'a," in ji Duktur, "tsutsa iri uku ce. Akwai ƙarama, akwai babba, akwai kuma ta tsakiya. Duk jahilci ke kawo su. Ku dubi karnukan bayin Allahn nan, sannan ku dubi nawa!"

Aka duba. Zubaida ta ɗaga leɓen karen Husain, wani dattijo lebura, ta ce dasashinsa ja ne, babu mai shan jininsa. Husain ya ce tun da ta je musu gona yake ba shi ƙwaya duk wata uku, a cikin lomar asida.

Daidai nan Basha ya ga lokacin nasa jawabin ya yi. Ya taka tsakiyar darduma, ya zauna, ya miƙe ƙafafun baya, ya fara jan gindi a hankali har gaban liman. Liman ya tattare jallabiya yana a'uziyya.

"Gaisuwa ce," in ji Duktur. "Haka ake koya musu a Khartum."

"Ammu, ƙaiƙayi ne," in ji Zubaida, tana kiransa baffa da Larabci. "Me yake ci?"

"Marara! Kullum!"

"To, ita ce. Tsila ce a cikinsa, daga ɗanyen kayan ciki. Ƙwanta yana fita a kashi, tumaki su ci shi a wajen kiwo, mutum ma ya ɗauka a hannu ya zame masa ƙari a hanta. Cikin nan da ya kumbura kuma macijin ciki ne. Za a ba shi ƙwaya daidai nauyinsa, a maimaita bayan sati biyu, a kashe masa ƙuma. Abinci sai dafaffe. Kilonsa nawa?"

Duktur bai sani ba. Bai taɓa taɓa shi ba ma, don tsaron alwala. Aka jawo sikelin riɗi, Basha kuwa ya yi wa kowa haƙora sai mai ba shi hanta. Haka Duktur ya rungume shi ya hau, farar jallabiya da komai, karen yana lasar gemunsa. Husain ne ya karanta awon, ya cire na Duktur, ya faɗi duka biyun da ƙarfi.

Kafin jabana ta huce dattawa sun ba Husain shugabanci. Amma mutanenmu ba sa wulaƙanta babba. Da Zubaida ta ce dole a riƙa kwashe kashin karen ana binnewa da zurfi har magani ya gama aiki, liman ya yi gyaran murya.

"Wannan aiki sai masani. Ya Duktur, kwamiti ya dogara da kai."

Aka shafa fatiha.

Yanzu duk wanda ya fito da hantsi zai gan su a bayan gida, wajen kwatami. Basha a gaba yana shinshine-shinshine, yana zaɓen wuri. Duktur a baya da shebur, a tsaye, yana jiran maigirma ya gama.