Ranar da Na Auna Kakan Surukaina da Karatun Aji

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da yinin da na yi a Argungu, sati biyu bayan an kai ɗiyata Hadiza ɗakin miji.

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu Badariya, ranar Litinin kuma muna da jarrabawa. Malamarmu ta ba mu kalmomi mu haddace: tatsuniya, almara, hikaya, kirari, jigo, da wata wai tarihihi, wato labarin da ya faru amma baki ya yi ta ƙara masa gishiri. Ni kuwa sai su cakuɗe mini. Tsoron faɗuwa ya sa duk labarin da na ji, ko a rediyo ko a bakin maƙwabta, sai in raɗa wa kaina sunansa. (Maigida har ya daina ba ni labarin kasuwa.)

Ranar Asabar na tafi Argungu gaida surukai, don so nake Hadiza ta samu wurin zama a gidan nan. Kakar angon, Inna Kulu, ita ce mai faɗa a ji. Bayan an ci tuwon shinkafa, ta fara labarin kakanta masunci, wanda ya nutse a gulbi ya kwana uku yana shawara da kifaye, ya fito rigarsa a bushe. Matan gidan na ta “Allahu akbar.” Ni kuwa bakina ya riga hankalina.

“Tarihihi,” na ce. Na ɗauka a zuci na faɗa.

Inna Kulu ta juyo. “Mi kic ce, uwar amarya?”

Da na ce tari ne ya kama ni, da an wuce wurin. A'a. Sai na gyara zama kamar ina gaban malama, na karanto mata ma'anar tsaf, har da gishirin.

Hadiza ta sunkuyar da kai, ludayi a hannunta.

“Awo,” in ji tsohuwa. “Ashe malama munka samu. To gishirin nan, ni nis sa shi ko ubana?”

Ban san yadda na iso tasha ba. Kwana biyar ba na iya cin abinci, ina tunanin abin da yarinyar nan ke gani saboda ni. (An ce har sun fara kiranta ɗiyar mai gishiri.)

Ranar Juma'a na koma da goro da turare, na durƙusa. Inna Kulu ta ce ta yafe, amma sai na saurari labarin daga farko. Wannan karon kakan kwana bakwai ya yi a ruwa.

Na ce, “Gaskiya ne, Inna.”

Jarrabawa dai na ci, tambayar ma ta fito. Amma yanzu na gane: kakan wasu ake kira tarihihi. Kakan surukai kuwa, ko shekara ya yi a gulbi, tarihi ne.